Magen da Kawu Ya Yanke wa Raga

Shekarun baya, lokacin da China ke shirin karɓar wasannin Olamfik, ina zaune a Guangzhou tare da kawuna, ƙanin mahaifiyata. Shi ya kai ni can. Shi ya koya mini yadda ake lanƙwasa takalmi a kasuwar Zhanxi a gane ko zai jure ranar Kano, shi kuma ya samo mini aiki a wani ofishin kago da ke benen Tianxiu, inda muke auna kayan 'yan kasuwa muna turawa gida. Ya daɗe a kan wannan hanya tun kafin in san ina ne China. Duk Bahaushen da ya sauka a unguwar Xiaobei bai san gabas ba bai san yamma ba, wurin Kawu ake tura shi.

A shekarar nan ne biza ta yi wuya. A da mutum kan leƙa Hong Kong ya sabunta ya dawo, sai aka wayi gari an ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Ni tawa ta wurin aiki ce, ba ta da matsala. Ta Kawu kuwa wani dillali ne ya karɓi fasfonsa ya yi ta ce masa gobe, jibi, har wa'adin ya wuce, sannan ya dawo masa da shi yadda ya karɓa. Abu biyu suka rage masa. Ko dai ya miƙa kansa, a tsare shi, a mayar da shi gida a hana shi dawowa, ko kuma ya ɓuya har a gama wasannin, don kowa a lokacin cewa yake da an gama za a sassauta, mutum ya biya tara ya fita da mutuncinsa. Gida guda ne a Kano yake ci daga wannan sana'a tasa, ga shi kuma da ciwon suga, ba mutumin da zai jure tsarewa ba ne. Sai ya zaɓi ɓuya.

Ɗakinmu ɗaya ne da banɗaki, a hawa na uku, cikin irin lungunan nan da gidaje ke manne da juna har kana iya miƙa hannu ta taga ka gaisa da maƙwabci. Rana ba ta shigowa. 'Yan sanda kuwa suna bakin titi, suna bakin gada, suna ƙofar kasuwa, duk baƙin mutumin da ya gifta sai ya nuna fasfo. Kawu ya daina fita kwata-kwata. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa jin Juma'a ta wuce shi ba, ya koma yana sallar azahar shi kaɗai ranar Juma'a, ni kuma in dawo daga masallaci in ba shi labarin waɗanda suka tambaye shi.

Da farko da raha ya ɗauki abin, yana cewa hutun da bai taɓa samu ba ne Allah Ya ba shi. Sannu a hankali rahar ta ƙare. Abinci ma sai na tsaya a kansa. Wata rana na dawo daga aiki na same shi ya sa babbar riga da hula, yana zaune a bakin gado ya zuba wa bango ido.

Na ce, "Kawu, ina zuwa?"

Ya ce, "Babu."

Ya mayar da idonsa kan bango. Ranar tsoro ya kama ni ƙwarai. Mahaifiyata kuma duk kiran da za ta yi magana ɗaya ce: "Ka riƙe mini shi amana, ka ji ko? Kada ka bari ya leƙa ko ƙofa."

Ɓeraye ne suka kawo maganar mage. Sun shiga buhun samfurin takalma sun yi mana ɓarna, ina ta faɗa ni kaɗai, sai na ji Kawu ya ce, "Da a gida ne, da tuni mage ta gama da su." Daga nan ya ɓalle da labarin magunan kakata, yadda suke kwana a kan rumbu, yadda wata takan ɓace mako guda ta dawo da ciki, yadda kakar tamu take zuba musu fura a sakaina. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka har na manta. Tun kafin ya rufe baki na yanke shawarar sai na kawo mage ɗakin nan, ko da ɓerayen sun tuba.

Ni da wayona, kasuwar dabbobi na nufa. Na ga maguna jibge cikin keji, wani kan wani, ba su ma da ƙarfin kuka. Na nuna wata na ce wa mai su, "Lawban," wato maigida, na yi masa alamar ina so. Ya cafko ta ya ɗora a kan sikeli. Ina tsaye ina mamakin me ya haɗa mage da sikeli, sai ya ja yatsa a maƙogwaronsa yana tambayata ko a gyara mini a nan. Ban san lokacin da na bar wurin ba. Na san mutanen garin wasunsu suna ci, kowa ya sani, amma ji daban gani daban.

Da na ba Kawu labari sai ya ce, "Kai ma da gangan. Ai ba a sayen mage, kuɗinta ba shi da kyau a addini. Nema ake yi a ba ka."

Wata 'yar China da ke yi mana tafinta a ofis ita ta gaya mini akwai gidan da ake tara magunan da aka ceto, kuma kyauta ake bayarwa. Na shiga bas na yi ta tafiya har bayan gari, wajen Baiyun, inda jirage ke wucewa ƙasa-ƙasa. Tsohon sito ne aka yanyanka da katako da waya. Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Mai wurin wata dattijuwa ce siririya, tsohuwar malamar Turanci da ta yi ritaya, hannayenta duk tabon yakushi. Ta ce yawancin magunan daga manyan motoci aka ƙwato su, waɗanda ke kawo su kasuwa irin wadda na je.

Na zaci zan nuna wadda nake so ne in sa a kwali in tafi. Ashe zama za a yi. Jama'a, ko da na je neman aure daga baya ban sha tambayoyin da na sha a wurin matar nan ba. Aikin me nake yi, hawa na nawa nake, taga nawa ce a ɗakin, in na yi tafiya wa zai kula da ita. Can ta dube ni ido cikin ido ta ce, "A ƙasarku ana cin mage?"

Na ce, "A'uzubillahi!" da ƙarfi, har wata mage ta zabura. Na yi mata bayani cewa a wurinmu ko ruwan da mage ta sha ana alwala da shi, kuma mutum yana iya shiga wuta saboda zaluntar ta. Wannan ya yi mata daɗi. Sai ta kafa mini sharuɗɗa. In sa ragar waya a taga kafin in ɗauka. Kada in taɓa barin magen ta fita, ko da wasa. Ita kuma za ta riƙa zuwa duba ta ba tare da sanarwa ba, in ta tarar na saɓa, za ta ɗauke abarta. Na ce na yarda da duka, ina ce wa raina wannan tsirfa ce kawai irin ta masu ritaya.

Magunan da yawa sun taso suna goga jiki a wayar keji. Ɗaya ce ba ta taso ba, wata ja mai guntuwar wutsiya, idonta ɗaya ya yi fari. Tana can ƙurya ta juya baya ta zuba wa bango ido. Malamar ta ce daga kejin da ke can ƙasan mota aka ciro ta, kuma babu wanda ya taɓa cewa yana so. Na ce ita nake so. Ban gaya mata dalili ba.

Da na buɗe kwalin a ɗaki, Kawu ya leƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai ta fi ni shan wuya." Ya sa mata suna Baƙuwa, wai shi baƙo ita baƙuwa. Ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Kwana da kwanaki in na dawo sai in tarar da Kawu, mutum mai furfura da jikoki, kwance rub da ciki a kan siminti, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado da ɗan busasshen kifi, yana "mus-mus-mus". Ranar da ta fara ci daga hannunsa har ofis ya kira ni a waya.

Maganar ɓeraye kuwa kada ma a yi ta. Baƙuwa ba ta taɓa kama ko ɗaya ba. Na taɓa ganin ɓera ya wuce ta gabanta, ta ɗauke kai kamar ba ta gani ba. Amma aikin da na kawo ta ta yi, ta yi shi. Kawu ya dawo cin abinci, don ba ya jin daɗin ya ba ta shi bai ci ba. Ya dawo shan maganinsa a kan lokaci. Daga bakin butarsa take shan ruwa, a kan daddumarsa take barci, in lokacin salla ya yi sai ya tsaya yana lallashinta ta matsa. Hira yake yi da ita wuni guda, yana ba ta labarin Kantin Kwari da mutanen da suka cuce shi da waɗanda ya yafe wa.

Zuwan malamar na farko ya kusa sa zuciyata ta tsaya. Muna jin ƙwanƙwasa ƙofa Kawu ya faɗa banɗaki ya rufe. Ta shigo ta ja ragar tagar da yatsa, ta duba kwanon abinci, ta duba kunnen magen. Ita kuwa Baƙuwa sai ta je ta zauna daidai ƙofar banɗaki tana kuka tana kartar ƙofar. Malamar ta dubi ƙofar, ta dubi kofuna biyu da ke kan tebur, ta dubi silifas ɗin Kawu da suka fi ƙafata nesa ba kusa ba. Da za ta fita sai ta ce, "Ta yi ƙiba. Ka gaishe da mai ba ta abinci." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Da Baƙuwa ta murmure sai ta gano taga. Ta koma wuni a can, ta manna fuska a jikin raga, tana kallon ɗan siririn sararin da ke tsakanin gidaje. In wata mage ta wuce a kan rufin maƙwabta sai ta miƙe ta yi ta kartar wayar, tana wani irin kuka mai tsawo da ba shi da daɗin ji. Ni ina fita da safe in dawo da yamma, kaɗan nake ji. Kawu shi ke wuni da kukan.

Wata rana muna cin abinci ya ce, "Ɗana, ka san hadisin matar nan da ta kulle mage?"

Na ce, "Na sani, Kawu. Amma ita ai ba ta ba ta abinci ba ne. Wannan kuwa ta fi ni cin daɗi a gidan nan."

Ya ce, "Ni ma ai kana ba ni abinci."

Ya ture kwanon ya ci gaba. Ya ce shi a iya saninsa ba a tsare mage, ba akuya ba ce. Gida take zaɓa, ta fita ta dawo don kanta, in ka rufe ta ka ɗauki haƙƙi. Ya ce ga watan Sha'aban ya yi nisa, shi ba zai so ya shiga azumi da haƙƙin dabbar da ba ta da bakin kai ƙara sai a gaban Allah ba. Na tuna masa alkawarin da na yi wa malamar. Na ce an riga an fara wasannin, saura ƙiris a gama, ya yi haƙuri, in komai ya lafa sai mu san abin yi. Ya ce, "To." Duk wanda ya san Kawu ya san irin wannan "to" ɗin.

Bayan 'yan kwanaki na dawo na tarar da rami a kusurwar ragar, an yanke shi da almakashi tsaf, har an lanƙwashe bakin wayar don kada ta soke ta. Baƙuwa ba ta nan. Kawu yana zaune yana jan carbi, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin maganar biza.

Ya ce, "Kada ka ɗaga hankalinka. Za ta dawo. Ta san inda ake son ta."

Na yi faɗa iya wanda ɗa zai iya yi wa kawunsa, wato na yi ta maganganu ina kallon ƙasa. Washegari ba ta dawo ba. Kawu ya ce magunan kakata har mako suke yi. Amma na lura ya jawo kujerarsa kusa da taga.

A safiyar da ta biyo baya, ina ɗaura takalmi zan fita, aka ƙwanƙwasa. Malamar ce. Wannan karon Kawu bai tashi ba, ya ce in buɗe, shi ya yi abin, shi zai amsa. Tana shigowa idonta ya sauka a kan ramin. Na zaci ihu za ta yi. Sai kawai ta zauna a bakin gado, ta tambayi tun yaushe. Kawu ya tattaro ɗan Turancinsa na kasuwa ya yi mata bayani cikin girmamawa, cewa a addininmu da al'adarmu ba a kulle mage.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta tambaye shi ko ya san daga ina magunan kasuwa suke zuwa. Ya ce ai kiwonsu ake yi, kamar zomaye. Ni ma a zatona daga wasu garuruwa masu nisa kawai ake kawo su. Ta girgiza kai. Ta ce babu mai kiwon mage don nama, asara ce. Kama su ake yi. Akwai masu bin lunguna irin namu da tarko, su sa ɗan tsuntsu mai rai a ciki, su ajiye a kan rufi ko bayan shara, su dawo su kwashe. Ta ce magen gida ta fi sauƙin kamu, don ta saba da hannun mutum. Ta ce Baƙuwa kanta da ƙararrawa a wuya aka ciro ta daga motar, wato magen wani ce da ya bar mata taga a buɗe. Tana magana hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Na ga fuskar Kawu ta canza. Ya juyo ya ce mini da Hausa, a hankali, "Ashe da hannuna na miƙa ta ga mahauta."

Na ce, "Kawu, ba a kai nan ba. Yanzu za mu fita nema ni da ita. Kai dai ka zauna, don Allah don Annabi."

Ya ce, "To."

Mun bi lungunan nan ni da malamar har rana ta take, muna leƙa bayan shaguna da ƙarƙashin matakala. Duk wanda ta tambaya sai ya ce "meyo", babu. A bayan wani gidan abinci muka ga tarko irin wanda ta faɗa, babu komai a ciki sai gashin tsuntsu. Ta tattake shi da ƙafa. Daga nan ta tafi don magunanta na jiran abinci, ni kuma na wuce ofis saboda akwai kayan da jirgi zai ɗauka a ranar. Na kira Kawu da azahar, ya ɗauka, ya ce yana nan.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Wani ɗan Maraɗi ne mai shagon atamfa a bakin lungunmu. Ya ce, "Taho maza, an tahi da Alhaji kawunka."

Ban san yadda na sauko daga benen nan ba. Na same shi tsaye a ƙofar shago, ya kama hannuna ya ce, "Wallahi ina zamne nan na gane shi ya hito, da babbar riga da hula kamar za shi Juma'a. Na ce, Alhaji, lahiya? Koma ciki, mutanen ga suna nan bakin titi! Ya ce mini baƙuwarshi yake nema. Ya bi lungun ga duk, yana duƙawa yana kira. Yana duƙe yana leƙen ƙarƙashin wata mota suka dahwa mishi kahwaɗa. Bai gudu ba, bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi su dakata." Sai ya ciro wata 'yar leda daga aljihu ya miƙo mini. "Ya ce in ba ka wanga. In ta dawo ka ba ta."

Busasshen kifi ne.

Na je inda aka ce an kai shi, aka ce in dawo gobe. Na koma ɗaki na zauna a ƙasa. Ga butarsa, ga daddumarsa a shimfiɗe, ga maganinsa a kan tebur bai ɗauka ba. Ina tunanin da wane baki zan gaya wa mahaifiyata. Ana gab da kiran magariba na ji motsi a taga. Ta ramin nan ta shigo, jikinta duk ƙura da yanar gizo, ko ƙwarzane babu. Ta diro ta wuce ni ta je ta sha ruwa a bakin buta. Ta shinshina daddumar. Sannan ta je ta zauna a ƙofar banɗaki ta fara kuka.

Ban taɓa jin na tsani wata halitta kamar yadda na tsani magen nan a lokacin ba. Na ɗauki ledar kifin na wurga kan kwaba. Daga baya kuma na kifa kai a gwiwa na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yaro.

An rufe wasannin bayan 'yan kwanaki, ana ta wasan wuta a talabijin. Kawu a tsare ya ga watan azumi, a tsare ya yi shi kusan duka. Na yi ta zirga-zirga da magani da takardu, wani lokaci a karɓa, wani lokaci a ce in dawo. Malamar da ta ji abin da ya faru ta zo da waya da filaya a jakarta. Na zaci magen ta zo ɗauka, don na saɓa sharaɗi, kuma da ta ɗauka da na gode mata. Sai ta hau kujerar Kawu ta ɗinke ramin da hannunta. Da ta sauko ta ce, "Ashe kawunka ba mai ba ta abinci kawai ba ne. Ban sani ba." Ta tafi ta bar mini ita.

Ana saura kwanaki kaɗan salla aka sanar da ni ranar da za a sa shi a jirgi. Na je filin jirgin Baiyun da jakar kayansa. Da kyar na gane shi. Rigar da ya fita da ita ce a jikinsa, ta yi masa yawa, yana jan ƙafar hagu saboda wani gyambo da ya fito masa a can. Jami'an da ke tare da shi suka ba mu ɗan lokaci. Na tanadi maganganu da yawa, na shago, na kayan da ya bari, na gida. Bai bari na fara ba.

Ya ce, "Ta dawo?"

Na ce, "Ta dawo, Kawu."

"Yaushe?"

Na so in ce bayan mako, ko bayan kwana goma, don abin ya zo masa da sauƙi. Amma Kawu ba mutumin da ake yi wa haka ba ne. Na ce, "A ranar. Kafin magariba."

Ya dube ni. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta fi kuka ciwo, ya ce, "Ai na gaya muku." Can kuma ya ce, "Ka ba ta kifin?"

Na ce ban ba ta ba tukuna.

Ya ce, "Haba ɗana. Saƙo ne fa."

Aka tafi da shi. Na koma ɗaki na hau kujera na lalubo ledar a kan kwaba, ta yi ƙura. Na zuba mata a kwano, ta cinye tas.

Kawu bai ƙara taka China ba. Gyambon nan bai warke ba, sana'ar ta watse, damina biyu bayan haka Allah Ya karɓi abinsa. A tsakanin nan duk wayar da muka yi, kafin ya tambayi lafiyata sai ya tambayi Baƙuwa. Mahaifiyata kuwa har ta koma ga Allah ba ta yarda mage ta shiga gidanta ba. Cewa take ƙaninta ya salwantar da kansa a kan dabba.

Na daɗe ina ganin gaskiyarta, kuma har yau in na tuna 'yan awoyin da ke tsakanin fitarsa da dawowar magen sai abin ya dawo mini sabo. Da ya ƙara haƙuri kaɗan. Amma yanzu da furfura ta fara fito mini, na daina iya yanke hukunci a kan abin. Malamar tana da gaskiya, Kawu ma yana da gaskiya, kowannensu tsoron zaluntar magen yake yi. Abin da na sani shi ne, watanni na yi ina kallon mutumin nan yana ƙanƙancewa a ɗaki, bai fita don Juma'a ba, bai fita don asibiti ba, bai fita don dukiyarsa ba. Ranar da ya ga wani rai ya shiga haɗari ta dalilinsa, ya sa hularsa ya fita. Wannan shi ne Kawun da na sani tun ina yaro, kuma ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Baƙuwa ta yi shekaru a wurina a ɗakin nan, har tsufa ya ɗauke ta. Ragar tana nan yadda malamar ta ɗinke ta, ban ƙara taɓawa ba, kuma ba a ma buƙace ta ba. Tun daga ranar da aka tafi da Kawu ba ta sake hawa tagar ba. Bakin ƙofa ta koma zama.